Yadda ake koya wa ɗaliban lauya tsayawa gaban alƙali a Najeriya

Galibin masu son zama lauya a Najeriya suna shafe shekara 6 suna karatu: shekara 5 a tsangayar shari'a ta jami'a, sannan shekara 1 a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Ranar da aka rantsar da mutum, aka shigar da sunansa kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, doka ta buɗe masa ƙofar kowace kotu a ƙasar nan, tun daga ta majistare har Kotun Ƙolin kanta. Yana iya karɓar shari'ar wanda ake tuhuma da satar akuya, yana kuma iya karɓar ta wanda idan aka same shi da laifi hukuncin kisa ne zai hau kansa.

Sanin doka daban, iya aiki da ita a gaban alƙali daban. Ɗalibi na iya haddace sassan dokar shaida tun daga farko har ƙarshe, amma ranar da aka ce ya miƙe ya yi wa ɗan sanda tambayoyi, sai bakinsa ya mutu. Yadda lauya zai gabatar da kansa, ya jagoranci mai shaidarsa, ya titsiye na abokin hamayya, ya miƙa takarda kotu ta karɓa, ya amsa tambayar alƙali ba tare da kame-kame ba, duk wannan sana'a ce da ake koyo ta hanyar yi. Lokacin da tsarin karatun ƙasar nan ya ware mata kuwa bai taka kara ya karya ba, idan aka gwada shi da shekarun da ake kwashewa a aji.

Tushen tsarin

Kafin samun 'yancin kai, galibin 'yan Najeriya masu son zama lauya Landan suke tafiya, su shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Ingila, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple. Ta wannan hanya Christopher Sapara Williams ya zama lauya a 1879, ya kuma fara aiki a Legas a 1888. Ita ce kuma Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilorin ya bi, wanda ya zama lauya na farko daga Jihar Arewa a 1955. A waɗannan zauruka, tun ƙarnuka da suka shuɗe, ɗalibai kan zauna cin abinci tare da manyan lauyoyi, sannan a kawo wata mas'ala ta shari'a a yi muhawara a kanta tamkar a kotu ake. Can ne kotun gwaji ta samo asali.

Aibin wannan hanya shi ne, masu dawowa dokar Ingila suka karanto. Ba a koya musu dokokin gargajiya na al'ummomin da za su yi wa aiki ba, balle Shari'ar Musulunci. A 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Antoni-Janar na lokacin, E.I.G. Unsworth, wanda ya ba da shawarar a raba karatun gida biyu: jami'a ta koyar da ilimin doka, wata makaranta ta musamman kuma ta koyar da aiki da shi. An yi dokar da ta kafa makarantar a 1962, ta kuma buɗe a watan Janairun 1963 a gida mai lamba 213A da ke titin Igbosere a Legas, da ɗalibai 8 waɗanda suka yi kwas na wata 3. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari a Babban Birnin Tarayya. Yau tana da rassa a Legas, da Agbani a Jihar Enugu, da Bagauda a Jihar Kano, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne, akwai barista mai tsayawa a manyan kotuna, akwai kuma lauyan ofis mai hulɗa da jama'a da shirya takardu. Najeriya ta haɗe su wuri guda. Saboda haka makarantar tilas ta shirya kowane ɗalibi domin ayyukan biyu a cikin shekara ɗaya, ko da shi a ransa aikin banki yake nema.

Abin da ake samu a jami'a

Shekarun jami'a na darussan doka ne: tsarin mulki, laifuffuka, yarjejeniya, filaye, kamfanoni, shaida da sauransu. Lacca ce da jarrabawar rubutu. Ɗalibin da ke son koyon magana a kotu yakan same ta ne ta ƙofofi biyu, kuma a jami'o'i da dama dukkansu sun fi dogara ga himmarsa.

Ƙofa ta farko ita ce kotun gwaji, wadda ta kasu iri biyu, ko da yake mutane kan gwama su. A iri na farko ana kwaikwayon kotun ɗaukaka ƙara ne. Babu masu shaida, an riga an amince da abin da ya faru, gardamar kawai a kan abin da doka ta ce take. Ɗalibai su rubuta hujjojinsu, sannan su tsaya gaban alƙalai su kare su, alƙalan kuwa suna katse su da tambayoyi. A iri na biyu ana kwaikwayon shari'a ce tun daga tushe, da wanda ake tuhuma, da masu shaida, da takardu, da magatakardan kotu. Nan ne ake koyon tambaya. Ƙungiyoyin ɗaliban shari'a a yawancin jami'o'i suna da nasu "alƙalai" da "ofisoshin lauyoyi" da ke karawa da juna, wani lokaci a gayyato alƙalin gaske ya zauna musu.

Waɗanda suka yi fice sukan wakilci jami'arsu a gasa. Mafi shahara a duniya ita ce gasar Jessup kan dokar ƙasa da ƙasa, wadda aka fara a 1960, ake kuma kammala ta a birnin Washington na Amurka. A nahiyar Afirka akwai gasar kare haƙƙin ɗan Adam da wata cibiya ta Jami'ar Pretoria ke shiryawa tun 1992, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Farfesa Christof Heyns. Sai dai tawagar gasa mutum biyu ce zuwa biyar, a ajin da ke da ɗalibai ɗari ko fiye.

Ƙofa ta biyu ita ce cibiyar taimakon shari'a ta ɗalibai, inda suke karɓar koken talakawa na gaske ƙarƙashin kulawar malami. Ƙungiyar NULAI, wadda aka kafa a 2003, ita ta jagoranci shigo da wannan tsari, aka fara gwada shi a jami'o'i huɗu: Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Uyo, da Jami'ar Jihar Abiya, da Jami'ar Adekunle Ajasin da ke Akungba a Jihar Ondo. Daga baya ya bazu. Ɗalibai ba su da izinin yin magana a kotu, amma suna shiga gidajen gyaran hali su zanta da waɗanda ke tsare, su bi sawun fayil ɗin da ya ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, su rubuta takardar neman beli wadda lauya zai gabatar. Aikin ba na wasa ba ne, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Shekarar makarantar lauyoyi

A 2008, lokacin da Tahir Mamman ke shugabantar makarantar, an sauya manhajarta domin a rage zaman sauraren lacca a ƙara yawan aiki. An tattara darussan zuwa biyar: shari'ar laifuffuka, shari'ar da ba ta laifi ba, aikin filaye da kadarori, aikin kamfanoni, sai ɗa'ar sana'a da dabarunta. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba su labarin wata shari'a da aka ƙirƙira, su riƙa bin ta mako bayan mako, yau su rubuta takardar tuhuma, gobe su nemi beli, jibi wani ya hau matsayin mai shaida wani ya yi masa tambayoyi. Karatun aji yakan ɗauki kimanin mako 20.

Bayansa sai a tura su waje. Kowane ɗalibi zai yi wasu makonni yana zama a kotu, yana kallo yana rubuta abin da ya gani a littafin da aka tanada, sannan ya yi wasu makonnin a ofishin lauya. Idan ya dawo zai tsaya gaban kwamiti ya yi bayanin abin da ya koya. Akwai kuma kwanakin da ake warewa domin shari'ar gwaji, inda alƙalai da majistarori na gaske kan zo su zauna. Amfanin zaman kotun ya danganta da sa'ar ɗalibi. Wani zai dace da alƙalin da ke kiran ɗalibai ofishinsa bayan an tashi ya tambaye su abin da suka fahimta, wani kuwa zai ƙare makonninsa yana jin ana ɗage shari'o'i ɗaya bayan ɗaya.

Al'adun Landan ba su gushe ba. Tilas ɗalibi ya halarci liyafar cin abinci sau uku tare da majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers, wadda ita ce ke da ikon rantsar da sababbin lauyoyi. Tufafi baƙi ne da fari, ranar rantsarwa kuma a ɗora baƙar alkyabba da hular gashi. A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba da ta fito daga Jami'ar Ilorin shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, lamarin da ya jawo muhawara a faɗin ƙasa. A 2018 majalisar ta amince da hijabi, aka kuma rantsar da ita.

Jarrabawar ƙarshe, wadda ita ce ke raba wanda zai zama lauya da wanda zai sake zama, ta rubutu ce. Ɗalibi kuwa abin da za a jarraba shi a kai yake bai wa ƙarfinsa.

Tambaya iri uku

Dokar Shaida ta 2011 ta tsara yadda ake yi wa mai shaida tambayoyi. Da farko lauyan da ya kira shi zai jagorance shi ya ba da labarinsa. Sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya titsiye shi. Daga ƙarshe wanda ya kira shi na iya komawa ya fayyace abin da titsiyen ya dagula, ba tare da ya buɗe sabon babi ba.

A matakin farko, abin da ya fi ba sababbin ɗalibai wahala shi ne haramcin sa wa mai shaida magana a baki. Sashe na 221 na dokar ya hana lauya yi wa mai shaidarsa tambayar da ke ɗauke da amsarta, sai da izinin kotu, ko a kan abin da ba a jayayya a kansa. Ba zai ce "Ka ga wanda ake tuhuma riƙe da wuƙa, ko?" ba. Sai dai ya ce "Me ka gani?", "Sai me ya faru?", "A ina kake tsaye?". Wanda bai saba ba, da zarar mai shaida ya manta wani muhimmin abu, sai ya ruɗe ya faɗa masa, abokin hamayya kuwa ya miƙe ya ce bai yarda ba.

A wajen titsiye ƙa'idar juyawa take yi. Nan an yarda lauya ya sa magana a baki, kuma gwanaye ba sa yin wata tambayar sai irin wannan. Ana koya wa ɗalibi ya riƙa yin gajerun tambayoyi, kowace da batu guda, waɗanda amsarsu ba ta wuce "e" ko "a'a" ba. A ɗauki misalin fayil ɗin gwaji: an sace babur da dare, wani maƙwabci ya ce ya ga wanda ake tuhuma yana tura shi. Ɗalibin da bai ƙware ba zai tashi da ƙarfinsa ya ce, "Malam, ƙarya kake yi, ba ka gan shi ba!" Mai shaida ya ce ya gan shi da idonsa, an gama, ya ma ƙara wa maganarsa nauyi. Wanda aka horar kuwa a hankali zai bi:

"Bayan sallar Isha'i ne, ko?" E.
"A daren babu wutar lantarki a unguwar?" Babu.
"Kana zaune a ƙofar gidanka?" E.
"Tsakanin gidanka da inda aka ajiye babur ɗin akwai gidaje huɗu?" Haka ne.
"Mutumin da ka gani ya ba ka baya ne, yana tafiya?" E.

Nan ake so ya zauna. Jarabar da ke kama kowane sabon lauya ita ce ya ƙara guda ɗaya: "To, ta yaya ka gane shi?" Da ya yi haka ya miƙa wa mai shaida dama, shi kuwa zai ce ai shekara goma suna unguwa ɗaya, ko tafiyarsa ya hango ya san shi ne, ga shi kuma ya ji muryarsa. Abin da aka gina da tambaya biyar ya rushe da ta shida. Kammalawar, wato cewa mutum ba zai iya shaida fuska a duhu daga nesa ba, ana ajiye ta ne sai jawabin ƙarshe, lokacin da mai shaida ya riga ya sauka.

Kishiyar wannan kuskure ita ce yin shiru inda ya kamata a yi magana. Tsohuwar ƙa'ida ce da ta samo asali daga shari'ar Browne da Dunn da aka yanke a Ingila a 1893: idan lauya na da niyyar ƙaryata wani abu da mai shaida ya faɗa, wajibi ne ya fuskance shi da shi tun yana tsaye, ya ba shi damar amsawa. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa shaidar da ba a ƙalubalanta ba, kotu na iya ɗaukar ta a matsayin wadda aka amince da ita. Lauyan da ya manta ya tambayi ɗan sanda yadda aka samu takardar amsa laifi, ko bai nuna rashin amincewarsa ba a daidai lokacin da ake miƙa ta, zai sha wahalar gyara wannan a kotun ɗaukaka ƙara, domin can abin da ke rubuce a kundin shari'a kawai ake dubawa. Idan kuwa ya ce tilasta wa wanda yake karewa aka yi, kotu kan tsaya ta yi wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar domin ta gano gaskiyar hakan.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cikin kowace doka. Babu masu taya alƙali yanke hukunci daga cikin jama'a a kotunan Najeriya, irin waɗanda ake gani a finafinan Amurka, don haka ɗaga murya da zagaye ɗakin kotu ba sa amfanar kowa. Mutum ɗaya ake son gamsarwa, kuma a kotuna da yawa har yanzu da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa. Shi ya sa manyan lauyoyi ke gaya wa ƙanana su riƙa kallon alƙalamin alƙali: idan yana tafiya a dakata, idan ya tsaya a ci gaba. Amsar da ba ta shiga kundi ba tamkar ba a ba da ita ba ce.

Yadda ake gyara wa mai koyo ma fanni ne. Hanyar da ta yi suna a Ingila da Ostireliya ita ce wadda ake dangantawa da alƙali George Hampel. Ɗalibi zai yi 'yan mintuna yana tambaya, malami ya tsayar da shi ya ɗauki kuskure guda ɗaya tak, ya maimaita masa kalmomin da ya furta, ya faɗa masa dalilin da ya sa kuskure ne da yadda ake gyara shi, ya yi a gabansa ya gani, sannan ɗalibin ya sake. Hanyar na aiki, amma tana buƙatar malami ɗaya ga ɗalibai ƙalilan. Makarantar da ke ɗaukar dubban ɗalibai a shekara, inda ɗaruruwa ke zama a zaure guda, ba za ta iya bai wa kowa irin wannan dama sau da yawa ba. A rukuni, masu baki su ne ke miƙewa, masu kunya kuwa sai su fake a bayansu har shekara ta ƙare.

Alƙalami ya rage wa baki aiki

Zamanin da lauya ke kwashe yini yana jawabi ya wuce. Tun 1977 Kotun Ƙoli ta koma karɓar hujjoji a rubuce. A 2004 Babbar Kotun Jihar Legas ta fito da ƙa'idar da ta wajabta wa mai shigar da ƙarar da ba ta laifi ba ya haɗo da rubutaccen bayanin masu shaidarsa, wanda suka yi rantsuwa a kai, da kwafin takardunsa tun ranar farko, sauran kotuna kuma suka bi sahu. A irin waɗannan shari'o'i mai shaida yakan tabbatar ne kawai cewa bayanin nasa ne, sai a shiga titsiye. Jawabin ƙarshe ma a rubuce yake, lauya ya samu mintuna kaɗan ya ja hankalin kotu ga abin da ya fi muhimmanci. A kotunan sauraren ƙararrakin zaɓe, waɗanda tsarin mulki ya ba kwana 180 su yanke hukunci, har mintunan titsiye ƙayyade su ake yi.

Sakamakon haka shi ne, ɗan abin da ya rage na magana ya ƙara tsada. A shari'ar laifi kuwa har yanzu da baki ake ba da shaida tun daga farko.

Matsalar harshe

Turanci ne harshen manyan kotuna, da shi ake karatun, da shi ake gwajin. Amma mutumin da lauya zai yi wa tambaya a Gusau ko Abakaliki ko Ogbomoso sau da yawa ba ya jin sa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, sai dai tafintan a kotuna da yawa ma'aikacin kotu ne da ya iya harsunan biyu, ba wanda ya karanci fassara ba.

Duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san inda ramukan suke. Idan aka tambayi Bahaushe "Ba ka gan shi ba?" ya ce "E", nufinsa bai gan shi ba. Idan tafinta ya mayar da wannan "E" zuwa Turanci yadda take, alƙali na iya rubuta cewa ya gan shi. "Ɗan'uwana" na iya zama wanda kuke ciki ɗaya, ko ɗan kawu, ko wanda kuka fito gari ɗaya. "Yarona" na iya zama ɗa, na iya zama mai yi wa mutum aiki a shago. "Na ji" na iya nufin sauti ya shiga kunne, na iya nufin an fahimta, na iya nufin an yarda. "Na ci kuɗin" a bakin wani kashewa ce kawai, a kunnen wani kuwa amsa laifin cin amana ce. Dattijon ƙauye kuma kan ce "haka ne" don girmama mai tambaya, ba don ya amince ba. Gajeruwar tambaya mai batu guda, wadda babu korewa a cikinta, ita ce ke tsallake tafinta lafiya. Lauyan da ke jin harshen mai shaida yana da damar miƙewa ya ce fassarar ba ta yi daidai ba. Wanda ba ya ji, ba zai ma san an yi ɓarna ba. A ganina, shari'ar gwaji da ake yi da Turanci zalla, tsakanin ɗaliban da duk suka iya shi, tana ɓoye wa mai koyo rabin wahalar da ke jiran sa.

A kotunan Shari'ar Musulunci na jihohin Arewa lamarin ya sake salo. Da can doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, sai bayan tsarin mulkin 1979 kotuna suka yanke cewa hanin ya ci karo da haƙƙin mutum na ɗaukar lauyan da yake so. A nan da Hausa ake yawancin zama, kuma tsarin na mazhabar Malikiyya ne. Aikin farko shi ne tantance wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin hujja na kan na farko, rantsuwa na kan wanda ya musanta. Ana bai wa ɓangare damar sukar adalcin mai shaida, kafin hukunci kuma alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi mai shari'a ko yana da sauran hujja. Littattafai irin su Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim da Mukhtasar na Khalil su ne madogara. Jami'o'i kamar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da na Maiduguri da Ilorin suna ba da digirin da ya haɗa dokar zamani da Shari'a, kuma waɗanda suka bi ta nan sun fi samun sauƙin tsayawa a waɗannan kotuna.

Iyakar da ɗa'a ta gindaya

Mutane da yawa na kallon lauya a matsayin wanda ake biya ya mayar da ƙarya gaskiya. Abin da ake koyarwa ya saɓa wa haka. Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ɗauki lauya a matsayin jami'in kotu. Ba shi da izinin gabatar da shaidar da ya san ta ƙarya ce, ko ya kitsa wa mai shaida abin da zai faɗa. Idan ya san da wani hukuncin babbar kotu da ya shafi batun kai tsaye, wanda bai yi wa ɓangarensa daɗi ba, abokin hamayya kuma bai kawo shi ba, wajibi ne ya sanar da kotu. Mai gabatar da ƙara kuwa an ce aikinsa na farko shi ne ya ga an yi adalci, ba lallai sai an ɗaure mutum ba.

Tambayar da ɗalibai ba sa gajiya da yi ita ce: idan wanda kake karewa ya gaya maka a asirce cewa shi ya aikata fa? Amsar ita ce, tsarin mulki ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, nauyin tabbatarwar kuma na kan masu ƙara. Lauya na iya tsayawa ya ce su kawo hujjarsu, ya gwada ƙarfinta. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ƙirƙiro labarin cewa mutumin yana wani gari a ranar, ko ya ɗora laifin a kan wanda ya san ba ruwansa. Wanda ya ƙetare wannan iyaka na iya gurfana gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga kundi.

Bayan rantsarwa

A Ingila, barista ba ya cin gashin kansa sai ya yi shekara guda yana bin wani gogagge, watannin farko ma kallo kawai yake yi. Kenya da Ghana su ma suna da irin wannan zaman koyo na tilas. A Najeriya an taɓa hana sababbin lauyoyi buɗe ofishin kansu sai sun yi wasu shekaru, daga baya aka janye, kuma an sha kawo shawarar a gyara dokar lauyoyi a dawo da shi. Masu goyon baya na cewa rayuwar mutane ba abin gwaji ba ce. Masu adawa na nuni da ɗan abin da ofisoshi da yawa ke biyan ƙananan lauyoyi, suna cewa tilasta musu zama zai mayar da su bayi.

A aikace, yawancin sababbin lauyoyi a shekarar yi wa ƙasa hidima suke fara jin muryarsu a kotu, wasu a ma'aikatun shari'a na jihohi, wasu a Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, wasu a ofisoshi masu zaman kansu. Aikin farko da ake ba su yawanci shi ne su je su nemi a ɗage zama saboda maigidansu na wata kotun. Shi ma yana da ladubbansa. A manyan kotuna masu muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, wanda aka fara bai wa Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas a 1975, su ke zama a sahun gaba, su ake fara kiran shari'arsu, sauran kuma su biyo baya gwargwadon shekarar da aka rantsar da kowa. Sabon lauya kan zauna a baya tun ƙarfe 9 na safe, yana sauraren na gaba da shi, har a zo kansa. Wani lokaci kuma alƙali kan ƙi ɗagewar, ya ce ga mai shaida ya zo daga nesa, lauya ya ci gaba da tambayoyi.